Sakin Layin da Manaja Ya Cire

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka hana ta hawa benen nan don Allah.

Kullum kana tsokanata wai ana biyana ne in zauna ina kallon allo. To ga aikin. Kamfaninmu yana ajiye bayanan asibitoci a babbar na'ura, uwar garke. Kafin kwamfutar asibiti ta aika ko ta karɓi komai, sai ta faɗi sigar manhajar da ke kanta, tsohuwa ko sabuwa, uwar garke ta faɗi waɗanda ta sani, su tsaya a kan wadda duk suke ganewa. An sa ni in rubuta yadda wannan daidaitawa take kafin a sauya uwar garken. Wani ɓangare ya gagare ni, na siga ta farko, kuma ba mai gane shi a ofis. Injiniyan da ya gina shi, Baba Gemu, yana kwance a gida, ɓarin jikinsa ya shanye. Zan je wurinsa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da yara.

Na je wurin Baba Gemu. Ɗakin duk warin magani, matarsa na goge masa baki. Mutumin da dariyarsa ke cika ofis, yanzu kalma ɗaya sai ya yi gumi. Ya ce siga ta farko ba ta faɗin lambarta, kai tsaye take aiko da bayani, kuma ƙananan ɗakunan gwajin jini har yau ita suke amfani da ita. Tsohuwar uwar garke ta san halinta. Sabuwar ba za ta ƙi ta ba, za ta ɗauka sabuwar siga ce, ta ɗora sakamakon wani a kan sunan wani. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Rubuta da manyan baƙaƙe."

Na rubuta gargaɗin a sakin layi guda. Manaja ya karanta a tsaye, ya ce idan wannan ya fita sai an ɗage sauyin, kuma a takarda mun daɗe da daina tallafa wa wannan siga. Na ce a takarda ne kawai. Ya ce in bar masa, zai duba. Da aka wallafa, babu sakin layin. Na koma ofishinsa, sakatariya ta ce yana taro.

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Auta

Yayana,

Da fatan kuna lafiya. Ni dai jiki lafiya.

Baba Gemu ya rasu kafin a yi sauyin. Bayan sauyin, a wani ƙaramin asibiti, an ƙara wa wata mai haihuwa jinin da ba irin nata ba. Ba ta tashi ba. Jaririn yana raye, an ce yana hannun kakarsa.

An kafa kwamiti. Suka ce bayanin da aka wallafa bai gargaɗi kowa ba, kuma sunana ne a kansa. Na faɗi abin da ya faru a gaban Manaja, yana wasa da makullin motarsa. Ya ce bai tuna wani sakin layi ba. Da yamma mai gadi ya karɓi katina na aiki a ƙofa, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi.

Kamfanin ya ce zai gyara, bai ce yaushe ba. Tun ranar nake bin ɗakunan gwajin da na sani, ina roƙonsu su cire tsofaffin kwamfutocin, su koma rubutu da hannu. Wasu sun cire. Jiya wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko har yanzu ina kamfanin, na ce a'a, ta juya ta kira na gaba a layi.

Kada ka faɗa wa Inna tukuna. Zan zo in faɗa mata da bakina, amma ba wannan makon ba, akwai ɗakunan gwajin da ban je ba.

Ƙanwarka,
Auta