Kunun Lauwali Ya Yi Shuɗi

Roni, 6 Afrilu, 1974

Zuwa ga Yaya Bintu,

Gaisuwa mai yawa. Ina maigidanki, ina yara? Ki gaishe min da su Fatu ƙawayena, ki ce ina da labari amma sai kin riga su ji.

Yaya, akwai abin da ke faruwa a gidan nan. Ƙanenmu Lauwali ya zo hutu daga sakandare ta Kazaure, jarrabawar fita saura kaɗan. Wai adabin Turanci ne ke ba shi wuya, kalmomin sun yi masa yawa. Sai ya yayyanka takarda, kowace ya rubuta kalma da tawada, ma'anarta a baya. Yana jera su a taga, yana ta gunaguni kamar mai lazimi. Ni da na tsaya a aji huɗu nake riƙe masa, in ya kuskure in ce "ka faɗi!"

To, takardun nan ɓacewa suke yi. Kullum sai an rasa wasu. Yaron har ya rame. Ni dai Kawu nake zargi. Kin san tun bara yake son a cire shi daga boko ya bi shi kasuwar shanu can wurinku Babura, kuma sau biyu ya zo cikin hutun nan. Jiya kuma na ga kunun Lauwali ya yi shuɗi-shuɗi, namu kuwa fari. Yaya, ko sammu ne? Ki lura min da Kawu.

Ƙanwarki,
Mairo

Babura, 11 Afrilu

Mairo,

Ina amsa gaisuwa. Kawu ya rantse bai taɓa komai ba, kuma ransa ya ɓaci. Ya ce in yaron ya faɗi, shi ke nan, kasuwa. Ki rage baki, ki buɗe ido. Wa ke dama kunun?

Bintu

Roni, 15 Afrilu

Yaya, gaisuwa.

Wa ke damawa? Inna! Na laɓe bayan rumbu da safe, sai ga ta da takardu a ƙwarya, tana wanke su da ruwa tana bismilla, ta tace ta zuba a kununsa.

Na ce, "Inna, me kike yi haka?"

Ta ce, "Rufe min baki, uwar tsegumi. Karatu ya ƙi zama a kai, ba sai a ba shi ya sha ba? Haka aka yi wa ubanku."

Lauwali ya ji, ya dafe kai: "Inna, rabin littafi kika wanke!"

Ta ce, "Yana cikinka, wa zai sace?"

Ya yi kamar zai yi kuka, amma ya shanye kunun. Yanzu biyu-biyu muke rubutawa, ɗaya ta ido, ɗaya ta Inna. Hannuna har ciwo yake. Ki ba Kawu haƙuri, amma kada ki ce ni na ce.

Taki,
Mairo

Kazaure, 20 Mayu

Yaya Mairo,

Gaisuwa. Jibi za mu rubuta adabi. Na mance littafin da na aro a hannun malaminmu, yana ƙarƙashin tabarmata. Ki ba direban motar kasuwa gobe ya kawo min. Don Allah ki riga Inna zuwa wurin.

Lauwali