Mijina Ya Ƙi Aikin Kudai Don Kunyar 'Yan Garinsu

Jikokina, ku riƙe wannan kafin mu buɗe wasiƙar yau: mene ne yake kai marar ƙafa Safa da Marwa, amma in mai ƙafa ya daɗe a kansa sai ƙafar ta mutu?

Kaka Ɗaso, ki taimake ni, kaina ya kulle. Mijina ya yi shekaru yana tarbar baƙi a wani otal a unguwar Jarwal, nan Makka, kullum cikin guga da turare. Aka rushe otal ɗin, ya dawo gida. Da yake kakansa ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun zuwansu ta Sudan, muna karɓar tallafin gwamnati, wanda ake ce wa daman, kuma alhamdulillahi ba mu kwana da yunwa ba. Yanzu an samo masa aiki a tashar Kudai, shirya alhazai a mota, saboda yana jin Hausa. Ya ce ba shi zuwa. Wai danginsu na Damagaram masu zuwa Umra za su gan shi yana jan jaka, alhali can manaja suka san shi.

Kowace Juma'a sai sun yi gardama da yayana, mai tasi a unguwar Hindawiyya. Yaya ya ce a yanke wa duk mai lafiya tallafi, shi ne ya lalata maza. Mijina ya ce haƙƙinsa ne, ai ba shi ya rushe otal ba. In na sa baki sai ya ce na bi bayan ɗan'uwana. 'Yarmu Manar har ta tambaye ni ko Baba ba shi da lafiya ne. An kuma ce mana in ya ci gaba da ƙin aiki za a iya yanke tallafin. Yaya zan yi?

Mai Zullumi, Jarwal

'Yar nan, ma'alesh, yi haƙuri, share fuskarki. Yayanki rabin gaskiya gare shi. Ki tambaye shi, in tasinsa ta kwanta gobe, gardama zai dafa wa 'ya'yansa? Mijin naki, angon nawa, shi ma rabi gare shi: haƙƙinsa ne, amma an ba shi ne ya tashi, ba ya gyara kwanciya ba.

Zancen Damagaram kuwa dariya ya ba ni. Bai san alhazai ba! Na ga wata tsohuwa a Kudai, ƙafa ta kumbura, ayarinta sun ɓace mata, ba ta jin Larabci ko na sayen ruwa. Wani mai shirya mota ya yi mata sannu da Hausa, ta damƙe hannunsa tana sa albarka har direba ya gaji da hon. Alhaji ba ya rage labari, ƙari yake yi. Kafin su isa gida angon nawa ya zama shugaban tashar Makka gaba ɗaya.

Ki hana gardamar Juma'a, namiji ba ya sauka a gaban surukinsa. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa tambayar Manar yadda ta yi ta, kada ki ƙara gishiri. Ki roƙe shi ya gwada zuwa bayan azumi. Sannan ki goge rigarsa ta aikin otal, ki fesa mata turaren, ki rataye inda zai gani. Allah Ya buɗa muku, Ya raya Manar.

Amsar kacici-kacicin kuwa, keken guragu ne na Harami.