Man da na daina shafawa

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya jikin Inna? Ya 'yata Shalele, tana ba ki wahala wajen wanka?

Na je asibiti kamar yadda kika matsa. Ban yi fushi da kika ɗauke ta ba. Uwar da ke kaiwa sha ɗaya na safe a kwance, 'yar shekara shida na jijjiga ta da kayan makaranta a hannu, ba ta da bakin magana. Ni ma na ɗauka mutuwar babanta ce ta danne ni wata huɗun nan.

Ƙarfe takwas na safe suka ɗebi jinina, wai sai a wannan lokacin abin da suke nema yake cika. Likitar ta ce ƙwaƙwalwa na da agogonta. Kafin gari ya waye takan aika saƙo ga wasu 'yan ƙulli biyu a saman ƙoda, su saki wani sinadari, kotisol, mai tashin mutum ya fuskanci wahalar yini. Nawa kusan babu.

Sai ta kalli gaɓoɓin yatsuna, ta tambayi man da nake shafawa. Kin san shi, man sa fari mai farin murfi, wanda kike cewa ya mai da ni kamar ɗanyen biredi. Ashe akwai irin sinadarin a ciki. Shekara bakwai yana shiga jinina ta fata, ƙwaƙwalwa ta ga akwai, ta daina aika saƙo. Ranar da baban Shalele ya rasu na daina shafawa, don ban ga wanda zan yi wa ba. Ita kuma ƙwaƙwalwar ba ta farka ba.

An ba ni ƙwaya, kowace safiya, za a riƙa ragewa a hankali. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Na dawo na zauna gaban keken ɗinki, har yanzu rigar makarantar Shalele na ƙarƙashin allura. Tunani ɗaya nake: idan mai ne ya kwantar da ni, ke nan ban ma fara jimamin mijina ba.

Kin ce sai na yi mako guda ina tashi ƙarfe shida za ki dawo da ita. Na yarda.

Ƙanwarki,
Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun wayi gari lafiya. A gaida Inna.

Yau kwana bakwai. Kwana shidan farko agogo ne ya tashe ni, na sha magani, na ɗora ruwa, na share ɗaki kamar wadda aka aika. Na gama rigar, na sa maɓalli.

Yau kuwa na riga agogo. Idona biyu, jikina da ƙarfi, sai na miƙa hannu in tashi baban Shalele kada ya makara aiki. Hannuna ya sauka a kan katifa. Na tashi na ɗora ruwa kamar kullum. Yaya, na yi kuka har ruwan ya ƙone a tukunya, kuma shi ne kukana na farko tun da aka fita da gawarsa. Bayan nan na wanke fuska na sake ɗora wani.

Ki kawo mini Shalele ranar Asabar. Ki gaya mata tun a hanya cewa na yi baƙi, kada ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Ki ce mata a haka babanta ya gan ni ya aure ni.

Ƙanwarki,
Auta