Tukunyar da ta raya ni, an ce kar ta shiga bikin 'yata

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi.

Ni magidanci ne a Jidda, a unguwar Nuzla nake, boko na bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Umara ta kawo ni tun ina saurayi na maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kowa. Wanda ya riƙa ciyar da ni lokacin wani mai abinci ne, ɗan daudu, ba zan faɗi sunansa ba, kun san ƙasar da muke ciki. Shi ma tukunyar gadonta ya yi wurin uwar ɗakinsa, wani tsohon ɗan daudu da ya zo hajji tun ba a haife ni ba, ya zauna yana tuƙa wa alhazai tuwo. Bahaushe nawa ne ya sauka garin nan da jaka ɗaya, a gindin tukunyar nan ya fara ƙoshi?

Yanzu ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ciniki ya mutu, kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a kan takardu, na maganar rufe shagon. Mutanenmu sun samu wuri, sun koma unguwar Safa, sun sayi mota, sai yanzu suka tuna abincinsa bai halatta ba.

To 'yata ta fari za ta yi aure bayan salla, na ce shi zai yi abincin walima, ko ya ɗan farfaɗo. Yayan matata, wanda da idona na sha ganinsa yana suɗe kwano a shagon, ya rantse in abincin mutumin nan ya shiga wurin biki shi ba zai zo ba, kuma sai dangin ango sun ji dalili. Ango haifaffen nan ne, danginsa masu ji da kai. Na ce wa surukin nawa ni ba halin mutum na je saya ba, masa da miyar taushe na je saya, hisabi na Allah ne. Matata kuwa sai kuka, wai kar in ɓata wa yarinya ranarta.

Na je na faɗa wa tsohon komai. Dariya ya yi, ya ce halas, shi ke nan, in kawo tukwanen gidana ya zuba, in ce matata ce ta dafa, ai ya saba, bukukuwa da yawa a unguwar Hindawiyya haka ake yi masa. Wallahi wannan ta fi maganar surukina yi min ciwo. Ina fita kuma ya ce ya riga ya kai jallabiyarsa ɗinki, tunda shi ya dafa abincin sunan yarinyar, yana so ya gan ta amarya.

Jama'a ya zan yi? In tsaya a kan bakana auren 'yata ya samu matsala, ko in karɓi abincin ta bayan gida? In kun ce in ɓoye, to ku gaya min da wane baki zan ce masa tukunyarsa ta zo, shi ya zauna a gida.