Siririyar Wayar da Ta Cinye Hannun Maigidana

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Sakkwato? Ƙafar Inna ta daina kumburi?

Yaya, mu kam muna cikin jarrabawa. Kin tuna batirin sola da maigidana ya haɗa daga tsofaffin batiran laftof? Ashe da wayar wuta mai kauri ta ƙare masa, sai ya cike da siririya ta rediyo, ya murɗe bakinta ya naɗe, bai yi mata dalma ba. Wuta mai yawa ba ta bi ta cikin irin wannan waya da sauƙi, sai wayar ta riƙa ɗaukar zafi.

Ranar Talata da hantsi na jona firji da batirin, na kwanta da littafina. Na ji ƙaurin roba, na ce maƙwabta ne ke ƙona shara, bari in ƙarasa babin nan. Shigowarsa ke nan ya ga hayaƙi, ya daka min tsawa, "Zainabu, fita waje!" Ya fizge wayar da hannu, robar ta narke a tafinsa.

A littattafai miji kan ceci matarsa ya fito garau. Nawa yana kwance a asibiti nan Kafanchan. Likita ya ce da wuya yatsunsa biyu na dama su sake lanƙwasuwa, kuma da su yake gyaran rediyon da muke ci da shi.

Kullum cewa yake laifinsa ne. Har yau na kasa gaya masa na ji ƙaurin tun kafin ya shigo.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa, amma kada Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarki,
Zainabu