Hannun da Ya Riga Ni

Foshan, 3 ga Afrilu, 1986

Zuwa ga matata Yuk-lin,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin isa Jiangmen lafiya, kin kuma sami 'yarmu Siu-chun da mijinta da jaririn ƙalau. Yaya hannun? Kumburin ya faɗa kuwa? Kada ki sa shi a ruwan sanyi, kada kuma ki biye wa son jika ki ɗauki yaron nan da shi.

Ni dai ina nan. Sau biyu na dafa kunun shinkafa, sau biyu ya kama.

Tsohuwa, kin haɗa kaya kin tafi ba ki bari na yi bayani ba. Ni ban buge ki ba. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ko yatsa ban taɓa ɗaga miki ba. Ina zaune bayan abincin rana da jarida a hannu, gyangyaɗi ya ɗan ɗebe ni, sai wani abu ya taso ta gefen idona na hagu. Ina zan san ƙwayar shinkafa za ki cire mini a kumatu? Kafin in farka hannu ya riga ya tashi. Mu a kunfu haka ake so: wanda ya tsaya sai ya gane abin da ke zuwa kafin ya tare, ya riga ya sha naushi. Ba ma jiran hannun mutum ya iso, fita muke mu tarye shi da ƙashin damtse, mu kauda shi daga tsakiyar jiki. Shi kansa maɗori Tse, da yake ɗaure miki wuyan hannun, ai ya ce bai taɓa ganin tsagewa mai tsafta irin wannan ba. Na san bai kamata in yi murmushi ba da ya faɗa. Kuskure ne, na karɓa.

Shekara arba'in da huɗu ina buga damtsena a jikin mutum-mutumin katakon nan na tsakar gida. Ban taɓa yin faɗan gaske ba ko sau ɗaya. Mutum na farko da tarewata ta ji wa ciwo, ke ce. Wannan tunanin yana hana abinci shiga.

Ki dawo. Gidan ya yi mini girma. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Mak Wing-tai

Foshan, 19 ga Afrilu

Lin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan hannun yana ɗoruwa, kina kuma samun barci duk da kukan jariri.

Amsarki ba ta zo ba, ta Siu-chun ce ta zo. Yarinyar nan bakinki ta ɗauko, ba ta rage komai ba. Ta rubuta: “Baba, ba don ƙashin Mama ta tafi ba. Ka san dalilin da ya sa take gyaran murya duk lokacin da za ta matso kusa da kai? Tun muna yara ta koya mana: kada ku zo wa babanku ta gefe, ku yi motsi tukuna ya ji. Ran nan mantawa ta yi, shi ke nan.”

Na karanta a tsaye, sai da na nemi kujera. Tsohuwa, ni duk zatona maƙogwaronki ne ba shi da lafiya! Kowane sanyi ina zuwa kantin magani in sayo miki ruwan zumar tari, in kawo ina jin kaina miji na gari. Ke kuwa ki karɓa, ki shanye, ki ce an gode. Kwalba nawa kika sha a banza don kada ki kunyata ni? Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, daga baya dariyar ta koma wani abu daban.

Na ɗauki mataki. Na ce wa almajiraina na safiya, waɗanda muke atisaye da su a farfajiyar gidan kakanni, duk wanda ya taɓa fuskata ba tare da na tare ba, ni zan saya masa shayi. Mutum goma sha ɗaya, har da Leung mai ƙiba direban babbar mota da ƙattan masana'antar tangaram. Mako guda ba wanda ya sha shayin. Suna ta tafi, suna cewa Malam ya gagara, ba su san faɗuwa nake yi ba. Shekaranjiya na je aski, Cheung wanzami ya kawo hannu zai juya mini kai, almakashinsa ya tashi sama ya faɗa cikin bokiti. Ya ce, “Malam Mak, in faɗa ka zo ka faɗa mini in rufe shago. In aski ne kuwa, zauna a kan hannuwan nan naka!”

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Marigayi malamina, da kike ganin hotonsa kina kunna masa turare, ba a fili kaɗai yake koyar da tarewa ba. Tun ina shekara goma sha huɗu a gidansa, mari yana zuwa ne ana cikin cin abinci, ko ina wanke kwano, ko yana cikin yi mini fara'a. In na tare, ya ƙara mini nama. In ban tare ba, ya ƙara mini wani marin. A shekara uku na daina shan mari, na ɗauka na gama karatu da kyau. Ban lura ba cewa tun daga lokacin duk hannun da ya nufo ni, abokin gaba ne.

Ba ina neman ki ji tausayina ba ne. So nake ki san ban taɓa ƙin hannunki ba. Ina kewarki ƙwarai.

Naki,
Wing-tai

Foshan, 2 ga Mayu

Tsohuwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Da fatan an kwance ɗorin. Ki yi haƙuri da rubutun nan da ya karkace, ido ɗaya nake amfani da shi. Kada ki tsorata, karanta ki ji.

Na yi faɗan gaske, Lin. A shekara hamsin da takwas. Da ƙaninki Tak-sing.

Shekaranjiya da safe muna tsakiyar atisaye sai ga shi daga kasuwar kifi, da takalmin roba da tawul a wuya, ɓawon kifi har gwiwar hannu. Ashe sai a ranar labari ya kai masa. Tun daga ƙofa yake ihu: “Ina jarumin? Ina mai karya mata? Ka ga tsohuwa ka nuna mata gwaninta, to ga namiji ya zo!” Almajirai suka tashi za su riƙe shi, na ce kowa ya koma bango.

Bari in gaya miki gaskiyar da ba zan faɗa wa almajirai ba: faɗan gaske bai yi kama da abin da nake koyarwa ba. A atisaye mutum yana kawo naushi a miƙe, ɗaya bayan ɗaya, ya bar maka hannun ka yi ado a kai. Ƙaninki kuwa wurgo hannuwa yake ta ko'ina, yana zamewa, yana tofar da yawu, yana zagin kakannina. Tarewar nan mai kyau da nake juya tafin hannu sama, wadda ake zuwa kallo, ko tuna ta ban yi ba. Abin da ya fito shi ne mafi muni, wanda ake koya wa sabon shiga a makon farko: ɗaga damtse, rufe kai, matsa gefe. Shi ya yi aiki. Na farko na kauda, na biyu na kauda. A na uku ƙashina ya haɗu da wuyan hannunsa, ya ja baya yana riƙe da wurin, bakinsa a buɗe. Haka kika riƙe naki. Fuskarku ɗaya in kuna jin zafi, ban taɓa lura ba.

Sai na mai da hannuwana baya, na damƙi ɗamarata da duka biyun. Na ce, “Suruki, zo. Kana da gaskiya.”

Ya ce, “Kada ka raina mini hankali, ɗaga hannunka!”

Na ce ba zan ɗaga ba.

Na ga naushin tun daga kafaɗarsa, a hankali yake zuwa, ko makaho zai tare shi. Hannuwana suna fizga kamar karnuka biyu a igiya. Na rantse miki, duk shekarun da na yi a wannan sana'a ban taɓa yin aikin da ya kai riƙe ɗamarar nan wuya ba. Ya same ni a ƙasan idon hagu. Na zauna daɓas a ƙasa, jini na zuba ta hanci.

Almajirai huɗu ba su dawo jiya ba. An ce a gidan shayi ana labarin mai kifi ya kayar da Malam Mak da hannu ɗaya. Su je. Leung ya tambaye ni wace dabara ce wannan, na ce in ya yi aure zai gane.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da Tak-sing ya ga jini sai ya sauke hannu. Ya durƙusa yana cewa, “Kai wane irin wawa ne? Me ya hana ka tarewa? Yanzu Yaya za ta kashe ni!” Ya ciro tawul ɗin wuyansa, ya tallafe haɓata, ya shiga goge mini fuska. Sai da ya kusa gamawa na lura hannuwana suna kan cinyata, a kwance. Ba ni na riƙe su ba wannan karon.

Na fashe da kuka a gaban kowa. Shi ya ɗauka zafi ne, yana ta ba ni haƙuri. Ba zafi ba ne. Tun ina yaro ba wanda ya taɓa fuskata haka kawai, kuma da ranar ta zo, sai ta zo da ƙaninki da tawul mai ƙarnin kifi. Ke ya kamata, Lin. Ke kika yi shekara talatin da ɗaya kina jira.

Ba zan yi miki alkawarin na warke ba. Sau uku hannun ya tashi kafin na iya danne shi, kuma ba zan ce ba zai sake ba. In kin ce sai kin ƙara tunani, zan jira, ba zan yi ƙorafi ba. Maɗori Tse ya ba ni man da za a shafa a kumburin safe da yamma. Ya ce in zauna ya fara shafa mini, na ce a'a, akwai mai yi. Yana nan a kan tebur ban buɗe ba, idon kuma sai ƙara rufewa yake.

Ki gaida Siu-chun, ki ce mata na gode da faɗan. Ki sumbaci yaron a madadina.

Mijinki mai jiran ki,
Mak Wing-tai