Rigar Fraser Mai Lamba Bakwai

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki da wannan sanyi? Ya maigida Barry da kifin da kullum yake kusa kamawa? Mu nan lafiya lau, in ban da ruwan sama da ya mai da filin ƙwallo fadama.

Bari in ba ki abin dariya. Kin san duk shekara kulob ɗin ƙwallonmu yakan kama zauren silima ranar Lahadi da rana, gari ya hallara a kalli fim, a ƙarshe a fid da ƙuri'ar tiren nama, wanda lambar tikitinsa ta fito ya tafi da shi. Bana kwamiti suka ɗora wa Des Hannigan zaɓen fim. Des da bai taɓa karanta abu ya kai ƙarshe ba, ya ga fosta da samari biyu cikin rigar ƙwallo, kaca-kaca da taɓo, sai ya ce, "Shi ke nan, wannan namu ne!" Ba wanda ya ƙara dubawa.

Yaya, fim ɗin labarin soyayya ne tsakanin samarin nan biyu, 'yan makaranta. Ni ma ban sani ba sai da jikana Fraser ya kawo mini rigunan kulob wanki, ya tsaya yana murza hula, ya ce, "Kaka, ranar ki zauna kusa da ni." Kin san abin da ya faɗa mini bara a kicin, cewa shi ma namiji ɗan'uwansa yake so, kuma har yau ubansa Wade bai sani ba. Yaron so yake ya ga fuskar ubansa a wurin kallon kafin ya buɗe baki. Ina jin tsoro, don Wade ni na haife shi, na san inda hankalinsa ya tsaya.

Ki gaida Barry.

Ƙanwarki,
Noelene

Yaya Glenys,

Ina gaishe ki, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. An yi kallon, kuma ban taɓa raina mutanen garin nan kamar yau ba.

Da farko tafi ake da ihu duk sanda aka ci ƙwallo. Da yaran suka sumbaci juna a bayan ɗakin sauya kaya, zaure ya yi tsit. Sai Des ya miƙe yana cewa, "A kashe! Wane sakarai ne ya zaɓo wannan?" Wani daga baya ya ce, "Kai ne, Des, zauna ka kalli abinka!" Nan ƙatti suka fara ficewa, ana tsaki ana ture kujeru. Su ne fa waɗanda duk ranar nasara suke rungume juna suna kuka, suna sumbatar sanƙon koci. Wade ma ya tashi, ya biyo ta gabanmu ya ce, "Fraser, taso, wannan ƙazantar ba ta 'yan ƙwallo ba ce." Yaron bai motsa ba. Hannunsa na cikin nawa.

Kada ki ɗauka gida suka tafi. Dokar ƙuri'a ita ce wanda aka kira ba ya nan ya rasa, don haka suka jeru a bakin ƙofa cikin yayyafi suna jiran a kunna fitilu. Fushin nasu bai kai nauyin tiren nama ba. Ana kunnawa suka sulalo da tikiti a hannu, kowa na kallon takalminsa.

Amma ba su ne suka fi ƙona mini rai ba, Rhonda Pickering ce, matar mai kemis. Tun rabin fim take sheƙa kuka yadda kowa zai ji, tana ɗaukar hoton hawayenta da waya. Ana cikin shiru ana jiran lamba, ta ratso layi ta cafke Fraser ta matse, ta ɗaga murya: "Ɗana, ai mun daɗe da sani, kai da yaron gidan Tran! Muna tare da ku!" Ta waiga tana jiran tafi. Abin da yaro yake lallaɓawa don ya faɗa da bakinsa, ta baza shi a gaban gari don a ce tana da kirki. Na ce, "Rhonda, sake shi ko in karya miki hannu." Wai ni ce mai tsohon tunani!

Kuma lambar Wade ce ta fito. Ya je ya karɓi namansa, ya wuce ɗansa ko kallo bai yi masa ba.

Ki sa mu a addu'a.

Noelene

Yaya Glenys,

Barka da war haka, na gode da kiran da kika yi. Fraser yana wurina tun ranar, ubansa bai neme shi ba. Ya ce ba zai koma filin ƙwallo ba, kuma ban matsa masa ba. Ki share ɗakin baya, zai biyo jirgin ƙasa na Juma'a zuwa wurinku a Geelong, ki yi magana da makarantar da ke kusa da ku. Ba ya cin albasa.

Rhonda ta aiko da kek mai kala-kala, na ba kaji.

Ɗazu Des ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hula yana sosa ƙeya. Raina har ya yi sanyi, na ɗauka Fraser ya zo dubawa, yaron da ya ci musu kofi bara. Fraser na zaune a falo, yana jin kowace kalma. Des ya ce, "Noelene, rigar nan ta Fraser mai lamba bakwai fa? Akwai yaron da za mu ba ranar Asabar."

Na wanke ta, na goge, tana ƙasan akwatin da zai zo miki da shi. Kada ki fid da ita sai ran da ya tambaya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Noelene